Abin da Zulai Ta Dafa a Gindin Tsamiya

Tun ranar da Zulaihatu ta sauka daga kan acaɓa da kwali a ka na san ba za mu kwashe lafiya ba. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ni Huseina ni ce babba. Ita ta bi boko har ta kai ga digiri na biyu a jami'a, ni kuwa tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu a Tudun Marke, nan gefen Bagwai, na kafa keken ɗinkina a rumfar Inna. Shekarar nan ce da malaman jami'a suka tafi yajin aiki suka manta hanyar dawowa, shekarar da manoma da kansu suka koma awon gero a kasuwa. Duk wanda ya dawo gida yana dawowa da abin sa wa a tukunya. Ita kuwa da kwalabe ta dawo, da kwanukan tangaran, da wani ƙaton maganaɗisu da ta ɓalle daga cikin matacciyar sifika.

"Wannan tarkacen fa?" na tambaye ta.

"Aikina ne, Yaya. Sun rufe mana ɗakin gwaji, ni kuma ba zan zauna ina ƙirga azarar ɗaki ba."

Sunan abin da take haɗawa wai ferobskayit. Na ce ta bar sunan a can birni, ta faɗa min abin da yake yi. Ga yadda na fahimta. Garin sinadari kala uku take aunawa, lantanam da sitirontiyam da manganis, ta narka su, ta ɗora a kan kurfoti tana juyawa har ruwan ya yi kauri kamar jiƙaƙƙen ƙaro. Daga nan sai abin ya kama da wuta da kansa, ya kumbura, ya zama baƙar toka. Tokar take dannawa ta zama 'yan ƙwayoyi kamar na magani, ta kai su Kano wurin wata abokiyar karatunta da ke aiki a kamfanin tayil, a saka mata a tanderunsu duk ranar da suka samu man kunnawa. In sun fito sun zama baƙaƙen duwatsu, maganaɗisu na jan su. Amma in suka ɗau zafi sai su saki, in sun huce su sake kamawa.

"To sai me?" na ce.

"Sai dai duk wanda na yi, ko dai bai kamawa sam, ko kuma bai saki sai ruwa ya kusa tafasa. Wanda zai saki da ɗan ɗumi nake nema, irin ɗumin jikin mutum. In aka samu wannan ana iya yin firji da shi, ba gas."

Firji. A garin da rabonsa da wutar lantarki har yara sun mai da wayoyin lilo. Na dube ta na ci gaba da taka kekena. Amma na riƙe abu biyu daga maganarta, don ta maimaita su har na haddace. Garin lantanam ɗin nan daga waje ake kawo shi, nata ya kusa ƙarewa, ba kuma mai sake sayo mata a wannan tsadar. Sannan Farfesan da ke duba aikinta ya gaji, zai bar ƙasar, ya ce in ta kawo masa dutsen kirki kafin ruwa ya sauka zai tafi da shi inda ake da injin aunawa ya sa mata hannu. In ba ta kawo ba, shekarun da ta ɓata sun bi iska.

Ranar da ta fara dafawa a tsakar gida wani jan hayaƙi ya tashi, Inna ta dinga tari, kaji suka watse. Ita da kanta ta ce hayaƙin guba ne, sai a sarari. Washegari ta ɗau kurfoti ta nufi gona. Da na ji inda ta kafa shi sai da na ajiye almakashi.

"Gindin tsamiya? Zulai, kanki ɗaya?"

"Nan ne kaɗai inuwa, Yaya, kuma tana tare min iska."

"Budurwa ita kaɗai, a gindin tsamiya, a kan iyakar Baffa, tana kunna wuta tana tayar da jan hayaƙi. Ke in kika gani me za ki ce?"

"Zan tambaya."

"A nan ba a tambaya," na ce mata.

Dole in faɗi zancen tsamiyar nan. Da Baba ya rasu bai bar namiji ba, mu biyu ne da Inna, saboda haka ƙanensa Baffa Muntaka ya shigo cikin gado, aka tsaga gonar aka ba shi nasa. Ba wanda ya ƙi, hakkinsa ne. Sai dai tsamiyar ta faɗo daidai kan iyaka, gindinta a wajenmu, inuwarta a wajensa. Kuma ba ta cikin gado, don Baba ya ba Inna ita kyauta tun tana amarya, a gaban mutane, kamar yadda ake yi a nan, ƙasa daban itace daban. Da 'ya'yanta Inna ta dama mana kunu muka girma, da su take samun na sabulu. Baffa kuwa duk damina sai ya aiko a ce inuwarta na kashe masa dawa, a sare. Duk damina Inna na cewa a gaishe shi. Mutum ne mai dogon wuya da gajeriyar zuciya, in ya gaishe ka ma sai ka ji kamar ya zage ka.

Zulai ta san duk wannan. Amma ilimi ya cika mata kai har ya turo hankali waje. Ta ci gaba da zuwa, gari kuwa ya ɗauka. Matan da ke kawo min ɗinki suka fara tsayawa daga bakin zaure suna leƙe. Wata ta ce an gan ta tana magana da kwano. Gaskiya ne, tana yi, in abin ya ƙi kamawa har zaginsa take. Wata ta ce an ga tana naɗe baƙin abu a 'yan takardu masu rubutun da ba na Allah ba. Wannan ma gaskiya ne, a kan kowace takarda tana rubuta awon da ta yi. Ba ƙarya ko ɗaya a cikin abin da suka gani, shi ya sa na kasa kare ta.

Sai ga shi ana tsakiyar bazara san huɗar Baffa ya faɗi a gona, ba nisa da tsamiyar, aka yanka shi yana shure-shure. Mahaucin da ya feɗe shi ya ciro leda cike da tumbi, kowa ya gani. Yunwa ce ta sa dabbar cin bola, don karan dawa ma ya yi tsada a shekarar. Amma Baffa bai ga leda ba, tsamiya ya gani. Ya zo har ƙofar gida ya tsaya, ko sallama babu.

"Larai!" Haka ya kira Inna, gatsal, matar yayansa. "Ki ja wa 'yarki kunne. Kun cinye gona, yanzu kun koma kan dabbobina. Wallahi in na kama ta da hannuna sai garin nan ya yi muku kaɗan."

Inna ta yi zamanta a ɗaki. Ni na fita. Na ce masa gonar da muka cinye yana iya nuna min ita, san kuma ya tambayi mahauci. Ya ce ba da zawarawa yake magana ba. Na ce ai ko da maza ba ya iyawa. Da ya tafi Inna ta yi min faɗa, ta kuma roƙi Zulai ta bar zuwa gonar.

"Saura ɗaya, Inna," in ji ta. "Garin lantanam ya ƙare. Na ƙarshen na can Kano a tanderu, in ya dawo na gwada shi, shi ke nan."

Na ƙarshen ya dawo. 'Yan ƙwayoyi ne da ba su cika tafin hannu ba, naɗe a takarda, cikin gwangwanin madara. Ta tashi da sassafe ta ɗauki gwangwanin da maganaɗisu da kurfoti da ma'aunin zafi. Na ce ta gwada a gida mana, tunda yau ba hayaƙi, ruwa kawai za ta ɗumama. Ta ce sauran kayanta na can a rataye a reshe, yanzu za ta dawo. Ban gama haɗa hannun rigar da ke kan keke ba na ji hayaniya daga wajen gidan mai unguwa.

Baffa ya laɓe mata a bayan shingen lalle. Ya bari sai da ta kwance takarda ta miƙa maganaɗisu, ya ga baƙaƙen duwatsu sun yi tsalle sun manne, sannan ya fito da ihu. Kafin in isa an cika ƙofar gidan Mai unguwa Ɗanliti. Maza na zaune a inuwar dalbejiya, mata sun yi cirko-cirko a jikin katanga. Zulai na durƙushe a gefe, mayafinta duk ƙasa. Gwangwanin kuwa an ajiye shi can tsakiyar fili a kan tsurar ƙasa, shi da maganaɗisun, don ba wanda ya yarda a kawo su inuwar da yake zaune. Inna ta biyo ni, ta shige zauren mai unguwa ta zauna a bayan ƙyaure.

"Ranka ya daɗe, da idona na gani," Baffa ke cewa. "Duwatsu suna tafiya da kansu. Ba hannu, ba iska. A kan iyakata. Ga kuma layun da take naɗe su."

Mai unguwa Ɗanliti mutum ne da bai son rigima, bai kuma iya kashe ta. Ya dubi Zulai. "Ke yarinya, haka ne?"

"Ranka ya daɗe, maganaɗisu ne. Irin na cikin rediyo. Bari in nuna muku."

Na yi mata ido ta zauna, ba ta ko kalle ni ba. Ta je ta buɗe gwangwanin ta juye ƙwayoyin a kan murfi, ta kawo maganaɗisun kusa. Da sauran sanyin safiya a jikinsu. Suka yi tsalle, ƙas-ƙas-ƙas, suka manne. Maza suka ja da baya har wani ya taka buta. Wata tsohuwa ta hau salati.

Kowa a wurin ya san maganaɗisu na kama ƙusa. Amma wannan ba ƙarfe ba ne, toka ce da aka ga yarinya ta dafa a gindin tsamiya, wannan shi ne bambancin, kuma Zulai ba ta gan shi ba. Ta miƙe tsaye ta shiga yi musu darasi. Ta ambaci lantanam, ta ambaci Farfesa, ta ambaci firji. Tana yi tana ɗaga hannu kamar a gaban allo. Duk kalmar da ta fito bakinta sai in ga fuskoki sun ƙara ɗaurewa.

"Kun ji sunayen da take kira?" in ji Baffa.

"Sunayen sinadarai ne, Baffa!"

"Kada ki ƙara ce min Baffa. Ɗan'uwana bai haifi wannan ba."

Na ce, "To wa ya haife ta, kai?" Mai unguwa ya ce in na ƙara magana zai sa a fitar da ni. Ya share gumi ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kira Liman. Aka ce Liman ya tafi jana'iza ƙauyen gaba. Ya ce to a jira shi. Ya sa Zulai ta ɓamɓare duwatsun ta mayar kan murfin gwangwani, ta koma inda take.

Muka jira. Rana ta hau, irin ranar bazara da ke sa ƙadangare ɗaga ƙafa. Inuwar dalbejiya ta tsuke, mutane suka matsu a cikinta, amma ba wanda ya tafi, don a shekarar nan kallo ne kaɗai abin da ake samu kyauta. Baffa ya tattara takardun da ta naɗe duwatsun da tsinken kara ya cinna musu ashana. Zulai ba ta damu da su ba, awon na cikin kanta. Duwatsun kaɗai take kallo, suna can a tsakiyar fili rana na dukansu. Na matsa kusa da ita.

"In Liman ya zo ki rufe bakinki, ki bar ni da su."

"Yaya, in suka taɓa min su na mutu. Ba ni da wasu."

"Inna na bayan ƙyauren can tana jin ana ce wa 'yarta matsafiya. Wannan bai kashe ki ba?"

Ta mayar da idonta kan duwatsun.

Gab da azahar Liman Abdussalam ya iso a kan kekensa. Dattijo ne mai sanyin hali, shi ya raɗa mana suna mu duka biyu, ban taɓa jin ya cuci kowa ba. Ya saurari Baffa, ya saurari Zulai, ya shafa gemu.

"Ni ban san boko ba," ya ce. "Abin da na sani, in sihiri ne, ayar Allah na karya shi. In ba shi ba ne, ba abin da karatu zai rage masa. Sai mu gwada."

Wallahi har na ji sanyi a raina. Na ce yau gaskiya za ta yi halinta, zai yi karatunsa, duwatsu su yi tsallensu, Baffa ya kwashi kunya ya tafi gida. Zulai ma ta gyaɗa kai da sauri. Mu biyun duka mun manta da rana.

Liman ya tsuguna a gaban murfin, ya daɗe yana karatu, ya tofa. Ya miƙe ya ce mata bismillah. Ta ɗauki maganaɗisun ta kawo kusa. Ba abin da ya motsa. Ta ƙara matsowa. Shiru. Ta ɗora shi a kansu, ta danna, ta ɗaga. Duwatsun na nan kwance a kan murfi kamar kashin awaki.

Kabbara ta tashi har tsuntsaye suka bar dalbejiya. Maza na rungumar Liman, mata na guɗa, Baffa ya ɗaga hannu sama yana juyi yana cewa, "Kun gani! Kun gani!" Ni kuwa ƙanwata nake kallo. Ta kai yatsa ta taɓa murfin, ta janye, ta sake taɓawa. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta kara a kuncinta. Sai na ga abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Fuskarta ta washe. A tsakiyar mutanen da ke tsine mata, yarinyar nan murna take.

Ta rarrafo wurina. "Yaya, ya saki. Ba tafasa, ba komai, zafin rana kawai. Shi ne. Shi ne wanda nake nema."

"To tashi ki faɗa musu," na ce. "Ga randa can a zaure. Ɗebo ruwan sanyi ki zuba, su ga ya sake kamawa, su san rana ce."

Kafin ta motsa Baffa ya riga ya sa an kawo masa shebur. "Tsohuwar rijiyar bayan makabarta," ya ce. "Can ake zuba irin wannan. A zuba, a bi da ƙasa."

Zulai ta yi wani irin ƙara ta faɗa kan murfin ta rufe shi da jikinta. Aka yi ca a kanta. Liman ne ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Muntaka, dakata. Abin da ya karye ya karye, ba ya cutar da kowa, tsakuwa ce. Yarinyar nan marainiya ce, 'yar ɗan'uwanka." Ya juyo wurinta. "Zulaihatu, ki faɗa min tsakaninki da Allah. In kin yarda abin nan ya karye, kin kuma tuba, ki kwashe tsakuwarki ki fitar mana da ita daga gari, magana ta mutu. In kuwa kin ce har yanzu da sauran aiki a jikinsa, to ba zan bar shi a hannun kowa ba, rijiya za shi."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana ganin hanya ya buɗe mata. Ni na ga ramin da ke ciki. In ta ce ya karye, ta amsa da bakinta cewa asiri ne, a gaban gari, kuma ba ita za ta zauna da sunan ba, mu ne. In ta zuba ruwa duwatsun suka yi tsalle bayan karatun Liman, ba mai tsayawa jin zancen rana, shebur na hannun Baffa. Ita ma ta gani, ba ta da wauta irin wannan. Na kama hannunta na matse.

"Faɗi gaskiya, Zulai. Su zuba a rijiyar. Dutse ne."

Ta dubi ƙyauren zaure. Ana hango gefen zanen Inna daga ƙasa, da yatsun ƙafarta. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta zare hannunta daga nawa.

"Ya karye, Allah gafarta Malam," ta ce. "Na tuba."

"Ɗaga murya," in ji Baffa. "Na baya ba su ji ba."

Ta ɗaga.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ƙarya take, na ce a kawo ruwa, na ce rana ce, ku taɓa murfin ku ji. Wa zai saurare ni? Mai abu ta amsa da bakinta. Wata mata da na ɗinka wa kayan suna kyauta ta ce, "Ai dama tare suke." Baffa kuwa ya jingine shebur, ya gyara zaman hularsa, ya durƙusa a gaban mai unguwa cikin ladabin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Ranka ya daɗe, na yafe san. Amma itacen da aka yi wannan aiki a gindinsa, ka san ba a barinsa tsaye. Iyalina na bi ta wurin."

Mai unguwa ya dubi Liman, Liman ya dubi ƙasa. Haka ake yi, kowa ya sani, ba a taɓa yin wani abu daban ba. Mai unguwa ya ce to, a sare. Daga bayan ƙyaure ba a ji ko tari ba.

Muka dawo gida a jere, Inna a gaba, ni a tsakiya, Zulai a baya rungume da gwangwani. Kafin la'asar mata uku sun aiko a ba su yadinsu, ɗinkakke ko ba ɗinkakke ba. Na naɗe na bayar. Inna ta yi salla, ta zauna a kan tabarma ta jawo kwandon tsamiyar bara tana ɓarewa, alhali ba kunun da za a dama. Zulai ta je ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ki yafe min. In na gama zan dawo in yi musu bayani, zan kawo takardar..."

"Kin ci abinci?" in ji Inna. Iyakar abin da ta ce ke nan, ba ta kuma ɗago ba.

Ni ban iya irin haƙurin Inna ba. Na same ta a ɗaki tana haɗa kaya na faɗa mata duk abin da ke cikina. Na ce ta sayar da mu a kan tsakuwa. Na ce gobe za ta hau mota ta koma inda ba wanda ya san tsamiya, ni da Inna mu za mu je rijiya a janye guga in mun matso, mu za mu je gidan biki a ɗauke yara daga gabanmu. Na ce ko firjin ta ƙera, ba mai shan ruwansa a garin nan in ya ji daga gidanmu ya fito. Ta tsaya tana hawaye ba ta musa ko ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona min rai, ko a lokacin hannunta na kan gwangwanin.

Da safe mai acaɓa ya zo. Tun kafin ya iso muka fara jin gatari daga gona, Baffa bai ko bari rana ta fito sosai ba. Tsamiya itace ne mai tauri, sara ɗaya sai ya amsa har cikin gida. Inna na ɗaki ba ta fito ba. Na rako Zulai zaure don kada a ce ba wanda ya rako ta.

A nan ta tsaya ta buɗe gwangwanin. Ya kwana a gindin randa, ya yi sanyi. Ta ɗauko ƙwaya ɗaya ta kawo maganaɗisu, ƙas, ta manne.

"Yaya, don Allah. Riƙe ki ji. Sau ɗaya."

Ban yi niyya ba, amma ta riga ta ɗora min a hannu. Na dunƙule yatsuna a kan ƙwayar, tana liƙe da maganaɗisun kamar ba za ta taɓa rabuwa da shi ba. Jikina kuwa zafi yake, tun jiya bai huce ba. Muna tsaye, gatari na sauka. Can sai na ji ta yi sako-sako, ta zame, ta faɗo cikin tafina.

Zulai ta dube ni, idonta jawur, tana jira in ce wani abu.

Gaskiyarta ne, abin yana aiki. Na miƙa mata kayanta, na juya na koma ciki, don Inna na zaune ita kaɗai tana sauraren gatarin.